Tagwayena biyu sun sha kaye a mako ɗaya: ɗaya ya ci tuwonsa, ɗaya ya kulle kansa a ɗaki

Baban Tagwaye: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon bayani. Ina da tagwaye maza, shekararsu 13. Hassan yana buga ƙwallo a wata ƙungiyar yara ta unguwarmu nan Kano, lamba bakwai yake bugawa. Usaini kuwa tun yana ɗan shekara tara ya ga ana koyar da tekwando, wasan nan na shuri da naushi, a makarantarsu, ya nace sai da na saya masa farar rigar nan. Uwa ɗaya uba ɗaya, kwano ɗaya, katifa ɗaya.

Ranar Asabar aka lallasa su Hassan huɗu da nema. Ya shigo gida da magariba, ƙura har gira, ya wanke hannu ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari, yana ta ba mu labarin yadda golansu ya riƙa zubar da ƙwallo da yadda alƙalin wasa ya hana su fenariti. Washegari Lahadi na raka Usaini gasa. Ya ci zagayen farko, aka ci shi na biyu. A na uku suna kunnen doki, saura 'yan daƙiƙoƙi, ya ja da baya ƙafarsa ta fita daga filin, aka ba abokin karawarsa maki ɗaya. Shi ke nan aka tashi. Tun daga wurin har gida a cikin adaidaita bai ce uffan ba. Kwana biyu ban da ruwan shayi babu abin da ya shiga cikinsa. Mahaifiyarsa ta tsinci rigar a ƙarƙashin gado, ya dunƙule ta da bel ɗin ya cusa can ƙurya. Da na matsa masa, abin da ya ce da ni shi ne, "Baba, ni ban iya komai ba." Bai ce bai iya tekwando ba fa, komai ya ce. Wannan kalma ce ta hana ni barci.

Shin wasan ne yake mayar da shi haka? In cire shi in haɗa shi da ɗan'uwansa a ƙwallo?

Koci Na Dakata: Wa alaikumus salam. Alhaji, ka kawo shi ƙwallo kawai. Shekarata 17 ina horar da yara, kuma abin da ka gani wurin Hassan shi ne amfanin wasan jama'a. Hausawa sun ce mutuwar yawa kaka ce. In aka ci yara goma sha ɗaya, kafin su iso bakin titi sun raba ciwon kashi goma sha ɗaya, kowa ya ɗauki abin da zai iya ɗauka. Wanda ya tsaya shi kaɗai kuwa, duk kayan a kansa suke. Ga kuma abin da ƙwallo ke koya wa yaro: ya jira lokacinsa, ya ba wani ya ci alhali shi ma yana so, ya bi umarnin kyaftin ko da sa'ansa ne. Na ga yara masu kunya da ba sa iya haɗa ido da mutum, bayan wata shida suna ɗaga murya daga baya suna tsara 'yan'uwansu.

Maman Walida: Ni dai tambayata, ina karatu a duk wannan? Yaro ɗan shekara 13 ya ƙi cin abinci saboda wasa? A ajiye duka biyun su fuskanci jarrabawa.

Baban Tagwaye: Hajiya, wallahi Usainin shi ne mai ƙoƙarin a makaranta, bai taɓa wuce na uku a ajinsu ba. Kuma ko a karatun haka yake. In ya ci 18 cikin 20, biyun da ya rasa su zai zauna yana kallo.

Malama Mai Nasiha: Baban Tagwaye, ka riƙe wannan maganar da ka faɗa yanzu, domin rabin amsar tana cikinta.

Aikina ba da shawara ga ɗalibai ne a makarantar sakandare, kuma na ɗan bibiyi wannan fanni. Abin da Koci ya lura da shi a fili, masu bincike ma sun gan shi. A 2022 an fitar da wani bincike a Amurka a kan yara fiye da 11,000 masu shekara 9 zuwa 13. Waɗanda ke wasannin ƙungiya an samu alamun damuwa, fargaba da janye jiki daga mutane sun yi ƙasa a wurinsu idan aka gwada su da yaran da ba sa wasa. Waɗanda ke wasan mutum ɗaya zalla, irin su kokawa da tanis, alamun sun fi yawa a wurinsu. Kafin nan, a 2016, an yi wani a Jamus a kan matasan 'yan wasa kusan 200, ya nuna kusan haka, amma ya ƙara wani abu da ya fi damuna: bambancin yana da alaƙa da inda yaro yake ɗora laifi bayan ya faɗi. Mai wasan kansa yakan ce ni ne, kuma haka nake, kuma haka zan ci gaba da zama. Wannan ita ce "ban iya komai ba" ɗin da ka ji.

Sai dai a kula. Irin wannan bincike hoto ne na lokaci guda, bai tabbatar da cewa wasan ne ya haifar da halin ba. Yaron da dama can mai son kaɗaici ne, mai son komai nasa ya fita tsaf, shi ne zai ga tekwando ya ji ta kwanta masa. Ka ce ko a jarrabawa haka yake. To in ka kai shi ƙwallo, da halinsa zai tafi. Ranar da ya zubar da fenariti, ɗakin nan dai zai koma.

Koci Na Dakata: Malama, ban ƙi ta taki ba, amma ko da ya zubar da fenaritin akwai masu dafa masa kafaɗa. A can wa zai dafa shi?

Tsohon Gola: Koci, da girmanka, a nan zan saɓa maka. Wa ya ce kullum dafawa ake yi? Ku koma ku karanta saƙon farko. Hassan ya ci tuwonsa saboda ya sami wanda zai ɗora wa: gola. Shin akwai wanda ya tambayi ko shi golan ya ci nasa tuwon a daren?

Na tsare raga tun ina aji biyu na ƙaramar sakandare. Akwai wani wasan ƙarshe na gasar unguwanni da ba zan manta ba, ina ɗan shekara 15. An bugo wata ƙwallo daga nesa, ba ta da wani ƙarfi, na durƙusa zan rungume ta, ta daki wani ɗan tudu ta bi ta tsakanin ƙafafuna. Ɗaya da nema aka tashi. Babu wanda ya yi maganar mai lamba tara da ya ɓarar da uku shi da raga. A motar da muka dawo, kujerar da ke kusa da ni babu wanda ya zauna a kanta. Daga ranar sunana ya koma Rariya, har ƙannen abokaina da ba su je kallon ba da shi suke kirana. Wata huɗu ina zagayawa ta bayan layi don kada in bi ta majalisar 'yan ƙungiyarmu. Kaɗaicin da ke cikin jama'a ya fi na mutum ɗaya zafi, domin su waɗanda ya kamata su rufa maka asiri su ne suka nuna ka da yatsa.

Ku tuna Bukayo Saka, ɗan wasan Ingila, a wasan ƙarshe na kofin Turai a Wembley, Yulin 2021. Shekararsa 19 aka ba shi fenariti na biyar, golan Italiya ya tare. Shi da Rashford da Sancho, da su ma suka ɓarar da nasu, suka kwana ana zaginsu da launin fatarsu a intanet. Wasan ƙungiya ne fa, amma a wannan minti shi kaɗai ne a duniya.

Koci Na Dakata: Wannan gaskiya ne, kuma na karɓa. Laifin kocinku ne da ya bar kujerar nan babu kowa. Shi ya kamata ya zauna a kai.

Dogo Ɗan Arewa: Salamu alaikum. Yarona ne yake rubuta min, ni ina faɗa. Na yi dambe shekara goma sha, na shiga fili a Kano da Gusau da Sakkwato da Legas, yanzu na koma sana'ar gidanmu ta fawa.

Masu cewa ɗan dambe shi kaɗai ne, daga waje suke kallo. Gaskiya ne in aka ɗaure maka hannu ka shiga tsakiyar fili, turmi uku babu uwa babu uba. In ka ji tsoro kowa zai gani a ƙafarka. A ƙwallo mai tsoro yana iya ɓuya wasa ya ƙare ba a gane shi ba, a dambe babu inda za ka ɓuya. Shi ya sa ɗan dambe yake sanin kansa da wuri. Ina ɗan shekara 16 na san iyakar zuciyata, na san abin da ke sa ni rawar jiki, na san yadda zan danne shi.

Amma ku dubi bayan fili. Akwai ɓangarenka, ko Arewa ko Kudu ko Guramada. Akwai wanda ya naɗa maka zare a hannu, akwai mai riƙe maka ruwa, akwai makaɗi da ke kiran sunanka da na ubanka. Ranar da aka fara kashe ni, wato aka kai ni ƙasa, wani ɗan Kudu ne gajere da na raina. Na tashi ban san gabas ba. Manyanmu suka janye ni gefe, ɗaya ya zuba min ruwa a ka, ya kwance min zaren da kansa a hankali, yana cewa, "Yau ka zama ɗan dambe. Duk wanda ka gani a nan an taɓa kashe shi." Ya shiga lissafa min manyan da nake jin tsoronsu, da wanda ya kashe kowannensu, da garin da aka yi. Daren nan tare muka ci abinci su takwas, ba wanda ya sake tayar da maganar. Da safe aka ce in fito motsa jiki.

Alhaji, yaronka ba wasa ne ya yi masa yawa ba. Faɗuwa ya yi babu wanda ya kwance masa zare. Ina malaminsu yake lokacin da aka tashi?

Baban Tagwaye: Yana can da sauran yaran da ba su gama nasu ba, su kusan goma ya kawo shi kaɗai. Ni kuma, Allah ya gani, abin da na ce masa a bakin ƙofa shi ne, "Me ya sa ka ja da baya?" Tun ɗazu da nake karanta saƙonka nake jin nauyin wannan tambaya.

Dogo Ɗan Arewa: Kowane uba haka zai ce. Ba a makara ba.

Abu Sumayya: Dogo, Allah ya ƙara lafiya, amma a faɗi gaskiya duka. Ƙarfin zuciyar 'yan dambe da yawa a kan layu da guraye yake. Kada a kai yaro inda za a ɓata masa aƙida.

Dogo Ɗan Arewa: Malam, akwai masu yi, ban musa ba. Ni ban ce a kawo shi dambe ba, ya zauna a wasansa. Kuma na ga mai laya har gwiwar hannu an kashe shi a turmin farko.

Abu Sumayya: To madalla. Abin da zan ƙara, a koya wa yaro imani da ƙaddara tun yanzu. Ya yi iya ƙoƙarinsa, abin da ya same shi ba zai taɓa kuskure masa ba. Yaron da ya riƙe wannan ba zai ce bai iya komai ba.

Malama Mai Nasiha: Allah ya gafarta Malam, wannan magana tana da ƙarfi, kuma ta dace da abin da na faɗa a kan inda ake ɗora laifi. Roƙona ɗaya: kada a yi amfani da ita a rufe wa yaro baki. Sau da yawa muna cewa "ƙaddara ce, share hawayenka" tun kafin ya faɗi abin da ke cinsa. A bar shi ya yi baƙin cikinsa, a saurare shi, sannan a tuna masa. Kuma a haɗa masa biyun: sakamako na Allah ne, matsayin ƙafa a gefen fili kuwa abu ne da ake gyarawa ranar Talata a wurin horo. Da haka kuskuren zai koma ƙarami, mai suna, mai magani.

Issoufou Maraɗi: Ina gaishe ku 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan Nijar kokowa ita ce babban wasa, ta fi ƙwallo nisa. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa ake yin ta, jihohi takwas kowace ta kawo 'yan kokowa goma, su 80 ke nan, mutum guda ke tafiya da takobi. To ku duba, wasan mutum ɗaya ne, amma kowa da sunan jiharsa yake shiga. In ɗan Maraɗi ya kada ɗan Doso, garin gaba ɗaya ke kwana murna. Wannan yana da daɗi, yana kuma da nauyi. Na san wani matashi a ƙauyenmu da aka kada shi a gaban mutanen garinsu lokacin kokowar kaka, ya tafi ci-rani bai dawo ba sai bayan shekara biyu. Ba ciwon jiki ya kore shi ba, kunya ce.

Game da tekwando kuma, Baban Tagwaye, ka ba yaronka labarin Abdoul Razak Issoufou Alfaga. A gasar Olamfik ta Rio a 2016 ya kai wasan ƙarshe, ɗan Azarbaijan ya doke shi, ya dawo da azurfa. Tun tagullar da Issaka Daboré ya samo a dambe a Munich a 1972, Nijar ba ta ƙara samun lambar Olamfik ba sai a hannunsa, shekara 44. Shekara guda bayan wannan faɗuwa, a 2017, ya zama zakaran duniya a Koriya ta Kudu. Ku ma kuna da Chika Chukwumerije da ya samo tagulla a Beijing a 2008. Wasan yaronka ba wasan banza ba ne, kada a raba shi da shi don rana ɗaya.

'Yar Tsere: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Tun ɗazu ana ta maganar maza, bari in sa baki. Na yi gudun mita 800 a sakandare, na kuma buga ƙwallon hannu, don haka na ɗanɗana duka biyun.

Abin da gudu ya ba ni, babu ƙungiyar da za ta iya ba ni shi. Agogo ba ya son kai. Ba ruwansa da ko malamin wasanni yana sonki, ko ke 'yar wane ce. A ƙwallon hannu na yi zaman benci zango guda cur saboda kyaftin ɗinmu ba ta shiri da ni, kuma ita ke gaya wa malami wadda za a sa. Kullum in dawo gida ina tambayar kaina ko ban iya ba ne, ko ƙi na ake yi, babu hanyar da zan sani. A gudu kuwa, in na rage daƙiƙa biyu, na rage, kowa ya gani. Na koyi tashi da asuba ba tare da an tashe ni ba, na koyi tsara lokacina, kuma har yau a jami'a da wannan nake cin gaba.

Amma daren da za a yi tsere ba na barci. Cikina ya riƙa murɗawa, wani lokaci har amai. A ƙwallon hannu ban taɓa jin haka ba, muna tare a ɗaki muna hira har barci ya ɗauke mu. Kuma ku ƙara da cewa mu mata a nan Arewa kafin ki kai ga fargabar tsere, kin riga kin sha fama da maganar mutane a kan fitowarki da kayan da za ki sa. Mahaifina ne ya tsaya min, ya sa aka ɗinka min dogon wando da riga mai dogon hannu, yakan zo ya tsaya a bakin fili. In na hango hularsa sai cikina ya lafa.

Wani abu kuma: me ya sa dole sai an zaɓi ɗaya? Chioma Ajunwa da ta ciyo wa Najeriya zinare a dogon tsalle a Atlanta a 1996, da tsallen mita 7.12, ta buga wa Super Falcons ƙwallo kafin nan. Usaini zai iya riƙe tekwandonsa, ranar Juma'a da yamma ya bi Hassan fili ya buga don nishaɗi kawai, inda babu wanda ke ƙirga masa maki.

Koci Na Dakata: Ƙanwata, maganar benci da kika kawo ta taɓa ni, don ita ce ɓoyayyen ciwon wasanmu. Ina da yara 26, goma sha ɗaya ke shiga. Akwai yaron da ya yi shekara yana zuwa horo ba fashi, shi ke ɗauko ƙwallaye shi ke kwashe su, bai taɓa buga minti ashirin a jere ba. Ranar da ya daina zuwa sai da aka yi mako biyu kafin na lura. Har yau abin yana damuna. Ga kuma matsalar shekaru: ka kawo ɗan 13 na gaskiya, a haɗa shi da mai aske gemu da aka rubuta wa 14, yaro ya koma gida yana ganin shi ne bai iya ba. Ba banza ba FIFA ta fara gwajin ƙashin wuyan hannu da na'urar hoto ta MRI don gano shekarun 'yan wasa a gasar 'yan ƙasa da 17 da aka yi a nan Najeriya a 2009. A gasar unguwa wa zai yi maka wannan?

Malama Mai Nasiha: Tunda Koci ya buɗe wannan ƙofa, bari in ce wani abu a kan Hassan, don duk mun taru a kan Usaini kamar shi kaɗai ne abin dubawa. Wani injiniyan aikin gona Bafaranshe, Ringelmann, ya auna ƙarfin mutane suna jan igiya, aka buga sakamakon a 1913. Ya ga duk sanda aka ƙara mutane, ƙarfin da kowane ɗaya ke sawa raguwa yake, har in sun kai takwas abin da suke ja bai wuce kusan rabin abin da ya kamata a samu ba in an tara ƙarfinsu ɗaya-ɗaya. Wani ɓangare rashin haɗa hannu ne a lokaci guda, wani ɓangare kuma kowa yana sakin jiki ne don ya san ba za a gane nasa ba. Yaron da aka ci su huɗu, ya dawo da laifin gola da na alƙali, bai kawo nasa ko ɗaya ba, shi ma akwai abin da ya kamata a koya masa. Lafiyar zuciyarsa abin godiya ce, amma in ya girma a haka, zai zama mutumin da kullum wani ne ya jawo. Baban Tagwaye, ka tambaye shi cikin raha: a cikin huɗun nan, wacce ce ta fara daga ƙwallon da ka rasa?

Sannan a kan Usaini, kwana biyu na baƙin ciki bayan faɗuwa ba ciwo ba ne. Amma in ya kai mako biyu ba ya cin abinci sosai, barcinsa ya lalace, ya daina abin da ya saba jin daɗinsa, ko ka ji yana maganar gara ba shi a duniya, kada ka tsaya neman shawara a waya, ka kai shi asibiti a ga likitan ƙwaƙwalwa. A Kano akwai sashen a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Zuwa can ba hauka ba ne. Simone Biles, wadda ta fi kowa a wasan alkafura, ta janye daga wasu wasanninta a Tokyo a 2021 saboda kanta ya daina haɗuwa da jikinta in tana sama, ta nemi taimako, ta dawo a Faris a 2024 ta ci zinare uku.

Maman Walida: To na ji, na kuma janye maganar a cire su. Amma Malama, yaran da ba su da uba irin Baban Tagwaye da zai zo ya tambaya fa? Mu a layinmu yara sun fi talatin da ke fita ƙwallo, iyayensu ba su ma san filin da suke zuwa ba.

Koci Na Dakata: Hajiya, a shekara 17 iyayen da suka taɓa zuwa kallon horo ba su cika goma ba. Sai in an ji labarin wani zai kai yara Turai, ranar za ka ga uba da takardar haihuwa a hannu.

Baban Tagwaye: 'Yan'uwa, na dawo da bayani, kwana uku ke nan. Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri.

Daren Laraba bayan isha'i na shiga ɗakinsu na zauna a bakin katifa. Na ce masa tambayar da na yi masa a bakin ƙofa ban kyauta ba, ya yafe min. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sai ya fashe da kuka, irin wanda bai yi ba tun ranar. Da ya natsu ya ce min tun a zagaye na biyu ya hango ni na dafe kai, daga nan ya daina ganin abokin karawarsa, ni yake gani. Ban san ma na dafe kan ba.

Na karanta masa saƙon Dogo daga farko har ƙarshe, da labarin Alfaga. Ya tambaye ni ko da gaske ne an taɓa kai Dogo ƙasa. Jiya da kansa ya ciro rigar ya ba mahaifiyarsa ta wanke, amma ya ce ba zai koma horo ba sai mako mai zuwa, na ce babu laifi. Na kira malaminsu, ya ce zai zauna da shi su kalli bidiyon zagaye na ukun tare, wani ya ɗauka a waya.

Hassan kuma na yi masa tambayar Malama. Ya yi dariya da farko, daga baya ya ce ta biyu, shi aka ƙwace wa a tsakiya bai bi ba. Sai na tambaye shi labarin golansu. Ya ce tun ranar Asabar bai zo fili ba, kuma yara sun sa masa suna. Ban tambayi sunan ba. Maraya ne ashe, a wurin kakarsa yake, can bayan masallacin Juma'a.

Tsohon Gola: Alhaji, don Allah kada a aika yaro ya kira shi, ba zai zo ba. Hassan ya je da ƙafarsa, ya tafi da ƙwallo, ya ce masa yana son ya koyi bugun fenariti ne kuma ba shi da mai tsare masa. Su biyu kawai, ba a filin ƙungiya ba. Ina da tsohuwar safar hannu da ta yi min kaɗan, har yanzu da sauran ƙarfinta. In kana shigowa wajen Sabon Gari gobe bayan la'asar, ka yi min magana ta akwatin sirri in kawo maka ita.

Baban Tagwaye: Zan shigo in sha Allah. Usaini ya ji muna maganar, ya ce shi ma zai bi Hassan ɗin.